Askin Ranar Alhamis

A ranar da aka binne 'yarsa, shugaban mawaƙan coci ya tsaya a bakin kabari ya ce da Allah, kowa yana ji, "Ni da kai mun gama." Dattawan ikilisiya, waɗanda babu ko ɗayansu da ya taɓa binne ɗa, suka zauna suka sa shi a horo: kada wanda ya taka ƙofarsa sai ya tuba. Shi kuwa ya sauƙaƙa musu aiki, ya rufe kansa a ɗaki wata biyar.

Akwai wani mai aski cikin dattawan nan. Shekara ashirin da biyu shi ke zagayawa da farantin gurasa a coci ranar jibin Ubangiji, kuma da shi aka ɗaga hannu aka yanke hukuncin. Sai wata rana ya hango mutumin ta taga, gemu ya cukurkuɗe, suma kamar ta mahaukaci. Tun daga nan kowace Alhamis yakan rufe shago da hantsi, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ran Laraba fasto ya zo shago ya zauna a kujera, aka ɗaura masa ƙyalle.

"Baba, an ce ana ganinka a gidan mutumin nan."

"Masu ganin idonsu lafiya lau. Karkata kai, Fasto."

"Wa'azi kake masa?"

"Aski nake masa. Wa'azi ai ya sha, shekara talatin yana zaune daf da bakinku."

"Ka san ya zagi Allah."

"Allah bai kawo mini ƙara ba. Tunkiyar da ta ɓace, a ina aka ce makiyayi ya zauna a ofis ya jira ta aiko da takardar ban haƙuri?"

Fasto ya haɗe rai a madubi. "Majalisar dattawa ta ce in ka sake zuwa, ka ajiye farantin."

Almakashi ya tsaya a hannun mai aski. Yana son farantin nan, ba zai yi ƙarya ba. Ya kakkaɓe wuyan fasto da burushi, ya ce, "Gobe Alhamis."

Washegari ya tarar da ɗakin yadda ya saba: labule a sauke, hoton yarinyar a kife kan tebur, littattafan waƙa sun yi ƙura a ƙarƙashin gado.

"Uban shisshigi, ka dawo?" in ji shugaban mawaƙa. "Na ji za su karɓe maka faranti."

"Ba farantin aka gicciye domina ba. Zauna, Malam."

Ya shafa masa kumfa, ya wasa aska. Yana cikin aiki sai waƙa ta kuɓuce masa. Duk cocin babu mai mugunyar murya kamar tasa. Wannan mutumin da ke gabansa ne ma ya taɓa sallamarsa daga ƙungiyar mawaƙa, ya ce Allah zai fi jin daɗin shirunsa. Sai da ya kai baiti na biyu ya tuna cewa yarinyar da ta rasu ce ke jan waƙar nan a coci. Ya so ya yi shiru, amma ya ci gaba.

Muƙamuƙin mutumin ya motsa a ƙarƙashin aska.

"Tsaya. A nan sauka ake yi, kai kuma kana hawa kamar akuya a kan tudu."

"Haka na iya."

"Shekara nawa kana kashe waƙar nan? To ji."

Muryar ta fito a shaƙe, ta yi tsatsa, sannan ta buɗe. Ya wuce wurin gyaran bai tsaya ba, ya kai har baitin ƙarshe, inda ake kiran sunan Yesu a roƙe shi kada ya saki hannu. Hawaye suka yi hanya biyu cikin kumfar.

Ya goge da gefen ƙyalle. "Ba da shi nake magana ba fa. Gyara nake maka."

"Na sani, Malam. Akwai wata waƙar da na fi ɓatawa, sai Alhamis."

"Za su kore ka gaba ɗaya."

"Su kora."

Mutumin ya dubi taga, ya ce, "Ɗaga labulen nan, kada ka yanke ni."