Kofi Mai Ɗigon Ja

Ranar da na kawo sakamakon gwajin jinina gida, Mama ta ɗauko jan farce ta ɗiga a gindin kofi ɗaya, da faranti, da cokali. Tun daga ranar a ɗaki nake cin abinci, ina jiyo ƙarar cokulansu a falo.

"'Yar boko, ga naki," in ji Yaya, yana ajiye farantin a bakin ƙofa kamar mai ba kyanwa.

"Ka gaida masu lafiya," na ce, na tura ƙofa. Ko sau ɗaya ban bari sun ga hawayena ba.

Ciwon hanta ne, nau'in B. Ni kuwa ban yi karatu don in riƙe takardar da ban gane ba. Na koma asibiti na sa likita ta bi da ni layi-layi. Ƙwayar cutar tana jinina, jikina bai yi mata garkuwa ba. Amma ba ta da yawa, hantar kuma lafiya lau, sai dai a riƙa dubawa.

"Ba a ɗaukarta ta kofi ko cokali," in ji likitar. "Irin taki, sau da yawa tun wajen haihuwa ake samu. Ki kawo mahaifiyarki a gwada ta."

Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar garwashi. In na faɗa, za a ce na ɗora wa uwata. In na yi shiru, hantarta na iya lalacewa ba wanda ya sani. Na daɗe ina wanke farantina ni kaɗai a bakin famfo, ina juya abin.

Wata safiya na sami Mama tana shanya.

"Mama, likita na son a gwada jininki."

"Nawa? Ke, ki kiyaye ni! Ni za ki shafa wa kashin kaji?"

"Ba mai laifi nake nema ba. Uwata nake so ta daɗe."

Ta yarfe zanen da ke hannunta, ta ba ni baya.

Ashe ta je asibitin, ba ta gaya wa kowa ba. Na gane ne da na shiga kicin na tarar da ita tsaye, jan farce a hannu, ta kifa kofi na biyu. Nata take shirin ɗiga wa, ita ma an sami ƙwayar a jininta.

Na karɓe kwalbar na jefa a shara. Da aka zuba abinci, na ɗauki farantina na shiga falo na zauna a tsakiya. Yaya ya kwashi nasa ya fita, Auta ta bi shi.

Can Mama ta shigo ta zauna kusa da ni, ba ta dube ni ba. Ta jawo kofina mai ɗigon ja, ta sha.