Ke Ce Ƙarama

…kuma nata aka sake kashewa. Nata dai. Tana kallon jan rubutun a fuskar kwamfuta kamar wadda ta tsinci gashi a abinci. Rumbun bayanan asibitin ya sanar cikin ladabi: ayyuka biyu sun yi cirko-cirko, an zaɓi ɗaya an soke. An zaɓa. Sai ka ce kyauta aka ba ta.

Ba wani tsafi a ciki. Manhajarta, mai kwantar da marasa lafiya, tana fara kulle layin majinyaci, sannan ta nemi layin gado. Ta Yayanta kuwa, mai sauya musu ɗaki, gado take fara kullewa, sannan ta nemi majinyaci. In suka haɗu a kan mutum ɗaya da gado ɗaya — kowa ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke jira, ba mai saki. Injin ya ɗan yi musu kara, ya ga babu mai kunya a cikinsu, ya duba wanda aikinsa bai yi nisa ba, wanda warware shi ba zai ci rai ba… ya shaƙe shi. Nata ne kullum mai araha.

Yaya. Ciki ɗaya, ofis ɗaya. Shi ya kawo ta aikin, kuma bai taɓa barin labarin ya huce ba. Ga ƙeyarsa can bayan firinta, ga kofin shayinsa da busasshiyar madara ta yi wa zobe. Tun da abin ya fara ba wanda ya ɗauko zancen. Gaisuwa dai suna yi, lafiyayya, irin ta maƙwabtan da ke shari'a.

"Ke ce ƙarama, sakar masa."

Inna ke nan, tun suna yara. Rediyo a hannunta, ita Auta, batir a hannun Yaya, su biyu a bakin ƙofa suna huci. Inna ba ta tambayi wanda ya fara ɗauka ba. Yaushe ta taɓa tambaya? Kukan Auta ya fi saurin ƙarewa, shi ke nan shari'a ta tashi. Ashe masu ƙera injin nan a gaban Inna suka yi karatu.

Gyaran kuwa har kunyar faɗinsa ake ji. A bi tsari ɗaya: ko kowa ya fara da majinyaci, ko kowa ya fara da gado. Layi biyu na manhaja za a juya, na sama ya koma ƙasa. To na wa? Manaja ya ce da yamma zai zauna da su, wanda laifin ke wajensa a karɓe aikin daga hannunsa. Manajan da ya tambaye ta ko an gwada kashewa a kunna. Shi ma mai sauƙin cirewa zai duba — wannan ba sai an je wajen mai duba ba.

Warin maganin goge ƙasa har yanzu yana maƙogwaronta. Ɗazu a ƙasa, wajen karɓar marasa lafiya… tsohuwa a kan benci, ta jingina kai da kafaɗar 'yarta, bakinta a buɗe, ƙuda yana shawagi. Nas tana danna maɓalli, injin yana juyi, yana cewa a sake gwadawa. Nas ɗin ta ɗago ta hango ta.

"'Yar kwamfuta, ga gado can a sama an shimfiɗa, ba kowa. Injinku azumin magana yake yi da ni ne?"

Auta ta ce mata suna kai. Suna kai! Tir. Kalmar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Don kuwa gyaran yana nan. Tun farkon mako ta juya layukanta biyu, ta adana, ta ƙi turawa. In ta tura, ta sa hannu ke nan cewa ita ce. Yaya ya juyo da kujera, ya yi murmushin nan na babban wa: ai na san za ki gano, Auta. A'a. Ya taso shi. Sau ɗaya a rayuwa ya tako ya ce mu duba. Ita ta riƙe gyara tana jiran ban-haƙuri, shi ya riƙe ban-haƙuri yana jiran…

Tsohuwar fa? Ita me ta riƙe wa wani?

To a tura. A tura kawai, a sake zama ƙarama, ai fata ta saba. Yatsanta na kan maɓalli — sai ƙeyar can ta motsa. Yaya ya rage hasken fuskar kwamfutarsa, yadda yake yi tun suna yara in yana ɓoye abu. Ya san gyaran. Yo shi ya koya mata. In shi ma ya juya nasa a ɓoye fa? Shi ya koma majinyaci sannan gado, ita ta koma gado sannan majinyaci… cirko-cirkon nan dai, an sauya masa riga. Ko haƙurin ma ba ya yiwuwa a shiru.

Sai an tashi. Sai an buɗe baki.

Injin yana da mai raba faɗa. Su tasu, Inna, tana maƙabarta.

Tsakanin teburinta da nasa firinta ce kawai, da kwandon shara. Tana duban tazarar. Ƙeyar ba ta juyo ba, jan rubutun ya sake fitowa…