Gas a Motar 'Yan Makaranta

Direban motar 'yan makaranta ya kawo motar garejin surukinsa da hantsi, ya ce sanyinta ya gudu.

Tsohon, wanda duk layin ke kira Baba Mai-Sanyi, bai tashi daga bencinsa ba. Direban mijin 'yarsa ne, amma tun da ya fara jan motar nan bai taɓa kawo masa ita ba.

"Yau kuma ɓatan hanya ka yi?"

"Haba Baba. Ai ba a damun manya da ƙaramin aiki."

"Ashe ya girma ke nan. Buɗe bonet."

Baba ya ɗaura gejin awon gas, ya zuba wa allurar ido. Ba ta tsaya inda ya saba ganinta ba. Ya taɓa kwamfreso, ya ja bel, duka lafiya. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a kan tiyo da duk wata mahaɗa, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Gas kuwa yana guduwa. In ba ta gaba yake fita ba, to ta ciki ne, bayan dashbod, inda akwatin sanyi da na ɗumi ke kwance kusa da fanka.

Ya buɗe ƙofar gaba, ya sunkuya, ya kai hancinsa bakin ramin iska.

Gas ɗin sanyi ba shi da wani wari. Wannan yana da shi, kuma Baba ya san warin, amma ba a gareji ya san shi ba. A kicin ya san shi, ranar da aka manta ba a rufe tukunyar gas ba. Ya ƙara sunkuyawa ƙasa wajen birki, ya ji warin ya yi kauri, ya kwanta a ƙasan motar kamar ruwa a kwano.

Sai ya ga hannu. Ɗan ƙaramin hannu yana lilo daga kujerar baya. Jikarsa ce kwance cikin kayan makaranta, ba ta motsi.

"Ciwon kai take yi, malamarsu ta ce in mayar da ita gida," in ji direban. Ya zagayo ta ɗaya ƙofar, ya miƙa hannu ga makulli. "Bari in kunna fankar ka ji yadda take hurawa."

Baba ya cafke wuyan hannunsa. Tsohuwar fanka ce, irin mai tartsatsi in ta tashi.

"Kada ka taɓa komai."

"Baba, lafiya?"

Sai Baba ya ji wata ƙara a bayansa. Mai walda na maƙwabta ya soma aiki. Shingen kwanon da ya raba su bai kai ƙasa ba, tartsatsi na gangarowa ta ƙarƙashinsa, suna tsalle a kan siminti, suna mutuwa dab da tayar baya. Baba ya zabura. Ya ɗauki sifana ya jefi kwanon da duk ƙarfinsa.

Mai walda ya leƙo ta sama, ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Baba, yaƙi aka fara?"

"Kashe. Kashe wutar nan!"

Wani abu ya gani a fuskar tsohon, nan take ya kashe.

Baba ya ja ƙofar baya a hankali, don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Ya ɗauko yarinyar. Jikinta ya saki, kanta ya faɗo a kafaɗarsa. Ya fita da ita tsakiyar fili, yana jijjiga ta.

"Amarya. Ke, amaryata. Tashi mana."

Shiru. Ya hura mata iska a fuska, ya sake kira. Can ta yamutsa fuska, ta buɗe ido ɗaya.

"Kaka, kana warin baƙin mai."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya matse yarinyar a ƙirji.

Da direba da mai walda suka tura motar waje da hannu, ƙofofi a buɗe. Sai da iska ta ratsa ta sosai Baba ya je ya cire kan batir, ya zare makulli ya jefa aljihu.

"Wa ya zuba maka gas?"

Direban ya dubi ƙasa. "Wani ne a bakin titi. Ya ce duk gas gas ne, wai nasa ma ya fi sanyi."

"Na girki ya ɗura maka. A kan tukunyar gas kake ta ɗora 'ya'yan mutane."

"Wallahi ban sani ba, Baba." Ya matso kusa. "To a sake shi ya fita, in tafi da gilashi a buɗe. An kusa tashi daga makaranta, yara za su tsaya jirana."

"Ya shiga man kwamfreso, ya shiga kafet. Sai an sauke dashbod, an wanke bututu, an canza akwati da fanka."

"Mai makarantar ba ta san na kai motar ko'ina ba. In ban je ba za ta tambaya, in ta ji kuwa aikina ya tafi. Baba, ka tuna 'yarka, ga tsohon ciki. Yau kaɗai. Gobe da sassafe zan kawo maka ita."

Baba ya tuna 'yarsa. Ya san abin da zaman gida ke yi wa magidanci, ya san kuma wanda za a zarga. Ya leƙa cikin motar. Gorar ruwa mai hoton zomo tana kwance a ƙarƙashin kujera, ga safa ƙafa ɗaya ta wani yaro. Tsoron da ya fara lafawa ya dawo masa sabo.

Direban ya durƙusa, ya miƙo hannu biyu.

"Don Allah, Baba, makullin."

"Ba zan bayar ba."