Ƙulli a Gefen Kabarin Kofur Habu

Juma'a uku ke nan Safiyatu tana biyawa ta ɓangaren sojoji na wata maƙabarta a Birmingham in ta tashi daga jami'a. Fararen duwatsu goma sha huɗu ne a jere, na waɗanda suka rasu a asibiti lokacin yaƙin duniya na biyu. Na ƙarshen shi ne na Kofur Habu, mahaifin kakarta. Kaka tana Zariya, kuma abu ɗaya take tambaya a waya: "Ba mai taɓa shi dai ko?"

Akwai mai taɓa shi. Ranar nan Safiyatu ta laɓe bayan wata bishiya, ta ga wata tsohuwa mai koren mayafi ta durƙusa da kyar, ta tona gefen dutsen da cokali, ta tura wani ƙulli, ta rufe, ta zuba ruwa. A gida, wanda ya binne ƙulli a kabari kowa ya san abin da yake nema.

Tsohuwar na tafiya, Safiyatu ta tono shi da makullin ɗakinta.

"'Yata, council mai kula da wurin nan ce ta aiko ki?"

Tsohuwar ce ta dawo ɗaukar cokalinta. Hausarta ta Gana ce.

"Mama, kabarin kakanmu ne," in ji Safiyatu, idonta a ƙasa. "Me kika sa?"

"Kwance mana, tunda kin riga kin ɓata farcenki."

Jar ƙasa ce. Safiyatu ta baza ta a tafin hannu tana neman laya ko gashi. Ba komai.

"Sunana Wasilatu, daga unguwar Lozells nake zuwa, bus biyu. Ƙasar ƙofar gidanmu ce a Zangon Kumasi. Babana ya tafi yaƙin Burma ina ciki, bai dawo ba, ba kabari, ba takarda. Wannan shi kaɗai ne namu, Bahaushe, a layin nan. In na ajiye abu a sama, masu yankan ciyawa su kwashe ran Monday."

Safiyatu ta zuba ƙasar cikin ramin da hannunta, amma ƙyallen ta cusa shi a aljihu. Sannan ta kira Zariya.

"Kaka, akwai wata mai zuba masa ruwa."

Kaka ta tambaya daga can:

"'Yar wa ce? Me take so?"

Safiyatu ta miƙa wa tsohuwar wayar, ta tsaya kusa don ta ji kowace kalma.