Wasiƙar Malam Chaïbou ta Ƙarshe

"Kada ka ajiye wayar, Ma'arufu," in ji Malam Chaïbou. "In ka ajiye, ƙarshen layi za su mai da kai."

Minti arba'in ke nan wayar tana kunnena, ba abin da nake ji sai kiɗan da kamfanin inshora ke sa wa masu jira. Shi kuwa yana kwance a gadon asibitin da aka kawo masa cikin falo, kusa da taga, inda yake iya ganin ɗaliban jami'a suna wucewa a kan kekuna. Ciwon hanta ya cinye shi, idanunsa sun yi rawaya, amma muryar tana nan yadda na san ta. A kan cikinsa akwai jakar takardu, ya dafe ta da hannu ɗaya.

A kujerar bakin ƙofa Chamsiya ce zaune, da goyo a baya, tana murza gefen mayafinta. Saboda ita muke wayar. Mijinta Rabiou yana wata cibiyar jinyar masu shaye-shaye a gabashin gari, wajejen McLeansville, kwanansa shida ke nan. A safiyar wannan Talata takarda ta iso cewa inshorar wurin aikinsa ba za ta biya kwanciyarsa ba daga ranar Juma'a, wai ya koma gida ya riƙa zuwa yana komawa.

Da aka ɗauka, wata mata ta tambaye ni lambar katin Rabiou, na karanta mata. Malam Chaïbou ya ɗaga yatsa.

"Ka ce mata afil na gaggawa muke so, a sake duba hukuncin yanzu, ba na wata guda ba. Ka karɓi sunanta da lambar fakis. Ka tambayi ƙarfe nawa ne a wurinsu, ka rubuta."

Na yi duk yadda ya ce. Matar ta ce za su ba da amsa cikin kwana uku in takardu sun iso.

Ni maƙwabcinsa ne, katangar waya ce kawai tsakanin gidajenmu a Glenwood. Na zo daga Kano karatu, na tsaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Shi daga Maraɗi ya zo, Faransanci ya karanta, don haka duk wasiƙar Turanci ni nake rubuta masa. Ta farko da na rubuta, a kansa ce.

A shekarar 2001 ya faɗo daga dandalin lodi a kamfanin kujerun da yake aiki, bayansa ya bugu. Likita ya rubuta masa ƙwayoyin kashe zafi. Bayan ya warke, ƙwayoyin ba su sake shi ba. Shekara guda yana sayen su a ɓoye, har ranar da matarsa Anti Aissa ta same shi a mota a ƙofar gida da rana tsaka, injin yana aiki, kansa a kan sitiyari, bai san inda yake ba. Ta kai shi cibiyar jinya da kanta. Bayan kwana biyar kamfanin inshora ya ce ya isa haka. A lokacin ne ta ƙwanƙwasa ƙofata da takardar a hannunta, ta ce, "Malam Ma'arufu, kai ka iya Turancinsu. Ka rubuta musu cewa in ya dawo yanzu, gawa zan karɓa." Sau biyu suka ƙi, a na uku suka ba shi kwana ashirin da takwas.

Abin da ya yi bayan ya fito shi ne har yau ake faɗi. An yi taron suna a gidan wani ɗan'uwansu a Sedgefield, maza sun cika falo ana shan shayi, wani ya tambaye shi ya jikin, don an baza cewa ciwon baya ne ya kwantar da shi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ba baya ba ne. Ƙwaya ce na sha har ta fi ƙarfina, aka yi mini magani. Duk wanda ke da irin wannan a gidansa, ya zo in nuna masa hanya."  Wasu sun daina gaishe shi na ɗan lokaci. Amma kafin shekara ta zagayo, mutane suka fara zuwa, yawanci ta ƙofar baya, yawanci mata, kowacce da takardar inshora a naɗe cikin jaka. Ya koyi karanta waɗannan takardu fiye da ni. Ya san wace kalma ce ke buɗe ƙofa, wace ce ke rufe ta. Ni dai nawa rubutu.

Yanzu ya juya kansa wajen Chamsiya.

"Ɗiyata, matso kusa. Kafin wannan karon, ya taɓa gwada bari?"

"A'a, Baba," ta ce, idonta a ƙasa.

"Chamsiya."

Ta ci gaba da murza gefen mayafinta. Anti Aissa ta fito daga kicin da kofin kunu, ta ajiye, ta kwance mata goyon ta karɓi jaririn.

"Su mutanen asirans, masu inshorar nan, ba su san Rabiou ba," in ji Malam Chaïbou a hankali. "Dosiye kawai suke gani, takardun da ke cikin fayil ɗinsa. In dosiye ya ce wannan ne karo na farko, sai su ce ya tahi gida ya gwada. Mi ya faru da gaske?"

Sai ta fara magana, da ƙyar da farko. Sau biyu ya yi rajista a wurin da ake zuwa a dawo, sau biyu ya koma wa kwalba kafin sati uku. A watan azumi ya yanke shawarar bari da kansa, a kwana na biyu ya faɗi a banɗaki yana kakkarwa, ya ciji harshensa, jini ya ɓata masa riga. Ba ta kira motar asibiti ba don kada maƙwabta su gani. Ko likitan cibiyar ba su gaya wa ba.

"In aka rubuta wannan, Baba, kowa zai ji."

"Likita zai ji, su kuma za su ji. Ni da Ma'arufu mun ji, kuma ba mu da bakin faɗi. Wannan faɗuwar da kika ɓoye, ita ce za ta sa su bar shi a can. Kin yarda a rubuta?"

Ta share fuska da mayafi, ta gyaɗa kai.

Muna cikin rubutu Scholastica ta shigo da jakarta. Nas ce daga masu kula da marasa lafiyar da aka sallamo su ƙarasa kwanakinsu a gida, 'yar Inugu, ta yi makaranta a Jos, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ta duba shi, ta ga gumin da ke goshinsa, ta dubi Anti Aissa.

"Bai sha ba ko?"

Anti Aissa ta girgiza kai. Tun ranar Lahadi aka kawo maganin kashe zafi mai ƙarfi, na ɗigawa a ƙarƙashin harshe. Yana cikin ƙaramin akwati, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta, bai yarda an buɗe ba.

"Baba, me ya sa kake wahalar da kanka?" in ji Scholastica. "Wannan ba irin wancan ba ne. Wancan kai kake neman sa. Wannan ni nake ba ka, da awo, saboda ciwo."

"Na sani, Anti nas. Shekara shida da wata huɗu ban sa ko ɗaya a bakina ba. Ba na son in gamu da Ubangijina da shi a jikina."

"Ka tambayi liman?"

"Ya zo jiya," in ji Anti Aissa. "Ya ce magani ne, babu laifi. Taurin kai ne kawai."

Malam Chaïbou ya yi ɗan murmushi. "Bon. Ku bar ni in gama da yaron nan da kaina a sarari. In an ba shi kwanakinsa, Aissa ta buɗe akwatin, in sha daga hannunta. Dakor? Kun yarda?"

Scholastica ta dube shi. Ta ce, "Kwana uku. In ciwon ya fi haka kafin nan, ba zan saurare ka ba." Ta gyara masa matashi, ta nuna wa Anti Aissa yadda za ta riƙa jiƙa masa leɓe.

Wasiƙar ta ɗauke mu har bayan la'asar. Yana faɗa da Hausa ina juyawa, in na karanta masa ya ce a'a, wannan roƙo ne, ba roƙo muke yi ba, ka sa kwanan wata, ka sa sunan wurin da ya je sau biyu. Wani lokaci ciwon ya taso sai ya rufe ido ya kama ƙarfen gado, mu jira har ya sake. Da na ce masa na ji a rediyo an sa hannu a wata sabuwar doka da za ta sa kamfanonin inshora su ɗauki irin wannan jinya kamar sauran cututtuka, ya ce, "Na ji. Alhamdulillahi. Amma sai ta fara aiki tukuna, Rabiou kuwa Juma'a ce tasa. Rubuta."

Washegari na kai wa likitan cibiyar kwafi da kaina. Ya karanta wurin faɗuwar nan a banɗaki, ya cire tabarau, ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa. Ya ce zai kira likitan kamfanin su yi magana baki da baki. Na tura wa kamfanin inshorar sauran ta fakis daga wani shago a kan titin Lee, na tsaya har injin ya fitar da shaidar cewa ta shiga, don Malam Chaïbou ya ce kada in dawo masa babu ita.

Ranar Alhamis bai iya shan kunu ba. Mutane suka yi ta zuwa, wannan karon ta ƙofar gaba. Akwai waɗanda na san dalilin zuwansu, don ni na rubuta wasiƙunsu: wani direban tasi, wata uwa da ɗanta da yanzu yake koyon gyaran wuta, har da Lucia, 'yar Meziko da suka yi aiki tare a kamfanin kujeru, wadda ya taimaka wa a kan ƙaninta. Ta tsaya a bakin gado ta ce masa ƙanin nata ya yi aure. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Da hantsin Juma'a Chamsiya ta shigo babu sallama, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan ya tsaya a kan matakala.

"Baba, sun ba shi! Kwana ashirin da ɗaya, sun ce kuma za su sake dubawa!"

Ya buɗe ido. "A rubuce?"

"Likita ya ce fakis ya zo."

"Ma'arufu, ka karɓo kwafi." Ya yi numfashi. "Kuma ka gaya wa Rabiou, in na tahi yana can, kada ya fito jana'izata. In ya sa ƙafa waje, za su ce ya warke. Ka ce ni na hana shi."

Sannan ya dubi matarsa. Anti Aissa ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta. Scholastica ta riƙe mata gwiwar hannu har ta ɗiga masa. Bayan ɗan lokaci kafaɗunsa suka sauka, yatsunsa suka saki ƙarfen gadon. Ya ce, "Kai, Aissa, ashe haka gadon nan yake da laushi." Ta yi dariya tana kuka.

Ya rasu ranar Litinin, bayan azahar, tana karanta masa Yasin. Ina tsaye a ƙofar falo. A waje motar bas ta tsaya ta sauke mutane ta wuce.

Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa a garin nan ba. 'Yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gana, har da waɗanda suka taɓa daina gaishe shi. A bakin kabari wani dattijo ya tambaye ni a hankali, "Wai mutum nawa ya taimaka wa?" Na ce ban sani ba. Na sani, amma ba nawa ba ne in faɗa.

Daga maƙabarta na wuce cibiyar da ƙasa a takalmina. Aka kira mini Rabiou zuwa farfajiyar baya, inda itatuwa suka zubar da ganye har ya rufe ciyawa. Ya rame, amma hannunsa ya daina rawa. Chamsiya ta riga ta gaya masa ta waya.

"Na haɗa kayana jiya, Malam Ma'arufu," ya ce. "Na kai har ƙofa."

"Ya ce in gaya maka shi ya hana ka."

"Ta faɗa mini. Shi ya sa na mai da jakar." Ya goge hanci da bayan hannu. "An yi mutane?"

"Sahu bakwai."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ta ina alƙibla take a nan, don tun da ya zo yake sallah da ƙiyasi. Na duba rana na nuna masa tsakanin wasu itatuwa biyu. Ya je famfon da ake ba furanni ruwa, ya naɗe hannun rigarsa, ya yi alwala da ruwan sanyin nan na Nuwamba. Ya ture ganyen da ƙafa har ya sami wurin tsayawa, ya ɗaga hannu ya yi kabbarar sallar jana'iza. Na koma bayansa na tsaya. Daga cikin ginin wata ma'aikaciya ta leƙo da takarda a hannu za ta kira shi, ta gan mu, ta riƙe ƙofar a buɗe tana jira.