Hatimin Ofis a Zaurena

Mu uku ne ma'aikatan Alhaji Faruk a bodar Jibiya: ni Yusha'u, da Filemon, da Salmatu. Aikinmu cike wa direbobin manyan motoci takardun fiton kaya, mu buga hatimi, su wuce wajen kwastan. Da aka rufe boda, Alhaji ya bugo waya daga Katsina ya ce a garƙame ofis, kowa ya yi aiki daga gida. Filemon ya ɗauki kwamfuta ya tafi ƙauyensu a Bugaje. Salmatu ta ɗauki fanka. Ni kuma, da yake Allah ya yi ni da rawar kai, na ce a ba ni hatimi in adana.

Da aka buɗe boda, ba wanda ya ce uffan kan komawa ofis. Filemon ya riga ya shuka gero, yana cike takardu a gindin tsamiyar gonarsa, inda ya ce sabis ya fi ƙarfi. Salmatu ta ce hawan jininta ya sauka tun ranar da ta daina shaƙar hayaƙin tirela. Su cike takarda, su tura wa direba ta waya, ya je shago a fitar masa da ita. Saura hatimi. "Ku je gidan Yusha'u," haka suke faɗi, hankalinsu kwance.

To, a ofis direba direba ne. Ya tsaya ta taga, ka buga masa, ya kama gabansa. Amma wanda ya yi sallama a zaurenka baƙo ne. Sai ka shimfiɗa tabarma, ka kawo ruwa, ka tambayi gajiya da mutanen gida, in kuwa an sauke tukunya yana nan, ba ka isa ka shige ciki ka ci kai kaɗai ba. Cikin wata guda direbobin Maraɗi sun haddace lokacin da ake sauke tukunya a gidana fiye da ni mai gidan.

Shugabansu wani Ummaru ne, dogo, mai fara'a. Takardarsa ba ta taɓa zama da gaggawa ba sai da azahar.

"Mushe Yusha'u," zai ce yana wanke hannu (mushe shi ne malam a Faransancinsu), "wallahi tun daga Agadas har nan, babu buro, wato ohis, mai daɗin naku. Can wajen 'yan duwan, kwastan ɗinmu, ko ruwa ba a ba mu."

Matata Mutmainna ta yi haƙuri wata bakwai. Ranar da ta tuƙa tuwo sau uku kafin la'asar, ta leƙo ta tarar da tireloli biyar sun toshe layinmu har mai ruwa ya kasa shigowa da kura, sai ta ɗaure kayanta.

"Malam, ni ba kamfani na aura ba. Na tahi gidanmu Farfaru. Ran da motar ƙarshe ta bar ƙohwar gidanga, ka zo ka ɗauke ni."

Ban ga laifinta ba. Amma gidan ya yi mini faɗi, kuma na yi kewarta ƙwarai, ba don tuwo kaɗai ba.

Shi ya sa da Alhaji ya kira taro ta bidiyo ya ce yana son jin ra'ayinmu kan komawa ofis, na kusa faɗawa cikin wayar. Filemon ya riga ni. Ya sa kwat, a bayansa akuya na cin ganyen wake, ya yi jawabi kan yadda duniya ta ci gaba. Salmatu ta nuna takardar asibiti, fankar ofis tana kaɗa mata mayafi. Ni na ce a koma gobe, in da hali yau, ni zan yi shara.

"Biyu da ɗaya ke nan," in ji Alhaji. "Bari in zo in gani da idona."

Ran Laraba ya iso. Muka fara da ofis. Gara ta cinye ƙofa, jemagu sun gaje silin, wani mai shayi ya kafa teburinsa a barandar har da benci uku. Daga nan muka wuce gidana. Direbobi tara ne a zaure, an haɗa shayi, Ummaru na dafa musu taliya a tukunyar matata. Suka miƙe suna gaishe da Alhaji, kowa na yabon kamfani. Na ga fuskarsa ta washe.

"Yusha'u ya yi gaskiya," ya ce. "Aiki daga gida ya ƙare. Ran Litinin kowa ya dawo ohis." Ya dafa bangon zaurena. "Ga ohis nan. A kawo allon kamfani a kafa."

Ran Litinin Filemon ya iso fuska a murtuke, da laka a takalmi. Salmatu ta dawo da fanka, ba ta ko gaishe ni ba. Na jira suka zauna, na ajiye hatimi a gaban Filemon, na nuna masa inda buhun gari yake. Sannan na kira Alhaji na ce tunda yanzu gidana ne ofis, ni ban taɓa ɗanɗana aikin nan daga nesa ba, ina roƙon mako biyu. Ya yi dariya har da tari, ya ce in je.

Farfaru ta karɓe ni da kyau. Surukina ya sa aka gyara mini ɗakin baƙi. Mutmainna ta yi kwana biyu tana gaishe ni kamar mai karɓar haraji, a na uku ta kawo mini fura da kanta, har ta zauna. Ina cikin tsara mata yadda za mu kama wani ɗan gida can bayan gari, inda ko Keke Napep ba ya shiga, sai muka ji ƙasa na rawa. Kaji suka watse. Wani hon na tirela da na sani kamar muryar babana ya karaɗe ƙauyen.

"Salamu alaikum! Mushe Yusha'u na nan?"

Na fita da gudu. Ummaru ne, da mutum biyu a bayansa, da takarda a hannu.

"Ai hatimi na wajen Filemon!" na ce.

"Ya buga muna," in ji shi. "Mu gaisuwa munka zo. An ce kana wajen surukai, munka ce ba mu kyauta ba in ba mu taka ba."

Kafin in buɗe baki, surukina ya riga ya shimfiɗa tabarma. Dattijo ne mai mutunci, ba a taɓa jin baƙo ya bar ƙofarsa da yunwa ba. Ya ɗaga murya: "Mutmainna! Ga baƙin mijinki, a ɗora tukunya."

Na koma ciki kamar wanda ruwa ya daka. Tana tsaye a bakin murhu, ta riga ta hura wuta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauko muciya, ta ɗauraye ta tsaf, ta danƙa mini a hannu.

"Ruwan ya kusa tafasa, Malam. Dogon nan ba ya son gudaji."