Ƙishirwar Mai Gyaran Famfo

"Ba zan cika ba, Baba."

Ya sake miƙo kofin. "Cewa na yi ki cika shi."

"Na ji. Ba zan cika ba."

Gwaggo, yayarsa, da ta zo dubiya, ta riƙe haɓa. "Yau na ga boko! Uba na roƙon ruwa a gidansa, 'yar cikinsa ta tsaya masa ƙerere kamar mai gadi."

Tun da ƙodojin Baba suka daina aiki, duk abin da ya sha zama yake yi a jikinsa sai ranar da muka je asibiti inji ya cire. Likita ya ja layi a jikin gora, ya ce iyakar ruwansa na yini ke nan. Umma ba ta iya jure kallon busassun leɓɓansa, sai gorar ta dawo hannuna. Ilimin halittu na karanta, na san inda ragowar ruwan take zuwa: ƙafafu tukuna, sannan huhu.

Baba mai gyaran famfo ne. "Rabin gidajen unguwar nan ni na ja musu ruwa," yakan ce. "Ga shi yau ana auna mini kamar turare."

Da ya matsa a sa masa gishiri a abinci, na yanko kokwamba a faranti, na barbaɗa mata gishiri, na ajiye a cinyarsa. Ba a jima ba ta fara tsattsafo da ruwa.

"Ita ma kin sa ta kuka," ya ce.

"Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da tantani, wanda bai kai na albasa kauri ba. Ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi, gishiri kuwa sai an buɗe masa ƙofa. Inda gishiri ya fi yawa, can ruwa yake bi. In ka ci, zai janye ruwan ƙwayoyinka, su yi ta kiran ƙishirwa."

Ya juya yankan kokwambar da yatsa, yadda yake juya lalataccen kan famfo. "Ba ko roba, ba ko noti, kuma ba ya yoyo. Allah gwani." Ya yi dariya, ni ma na yi.

Na koyi daskarar da rabonsa na ruwa ya zama ƙanƙara, ya riƙa tsotsa a hankali. Ina goga masa lemun tsami a harshe, ina jiƙa tsumma in shafa masa wuya.

Wata ranar zafi na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da shi zaune, ya dafe gwiwoyi, yana jan numfashi da ƙyar kamar mai nutsewa. Jug ɗin ruwan da ke falo ba ko ɗigo. Gwaggo na rakuɓe tana hawaye.

"Roƙona ya yi ta yi. Ƙanena ne fa, ni na goye shi."

A asibiti na zauna kusa da injin, ina kallon jininsa yana bi ta siraran bututu, ruwan yana fita ta tantaninsu. Da numfashinsa ya daidaita ya kamo yatsuna.

"Uwata, na ba ki wahala."

"Ka ba ni. Kuma gobe ma ba zan cika ba."

Da muka koma gida na durƙusa a gaban Gwaggo, na ce kada ta sake zama da shi in ba na nan. Ta ɗauki mayafinta.

Yanzu Baba yana barci a kwance, takalmansa sun koma shiga ƙafarsa. Ba na da-na-sani. Amma Gwaggo ba ta ƙara tako gidanmu ba, dangi suna kirana mara tausayi, Umma takan yi shiru in na shigo. Shi kuwa, da can in na ɗaga labulen ɗakinsa fuskata yake fara kallo. Yanzu hannuna yake kallo.